Man da Na Zuba wa Hajiya Asabe a Kunu

Jikokina, tun da kun ce in faɗa ku rubuta, to ku rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ku gyara mini. Ni ban san baƙi ba, ban san agogo ba, amma abin da hannuna ya taɓa na riƙe shi. Na ji ɗayarku tana cewa aikin Kaka ai shafa mai ne kawai, kowa ma ya iya. Ban yi fushi ba. Ni ma haka na ce a raina ranar da aka kai ni wurin Inna Ummu a unguwar Sa'alaba a nan Jidda, ina goye da babanku, aka ce ta koya mini tausa da gashin ƙafa.

Inna Ummu Bahaushiyar Sudan ce, doguwa, ba ta da yawan dariya. Tana ƙarama iyayenta suka ƙetaro da ita ta ruwa don aikin Hajji, suka zauna, ba su koma ba. Wata uku na yi ina ɗaukar mata jaka, ban taɓa ƙafar kowa ba. A cikin jakar akwai man kaɗe da alhazai ke kawo mata daga gida, da man zaitun, da citta, da kanumfari, da kimba, da kafur, da ƙaramin turmin ƙarfe, da tsummoki farare guda huɗu, da wata tukunya mai baƙin gindi da ba a dafa abinci a ciki. Sai kuma carbi. Ni na ɗauka na zikiri ne kawai, ashe shi ne agogon sana'ar.

Ranar da ta fara koya mini, ba ta ba ni mai ba. Kanumfari ɗaya ta ba ni, ta ce in danna shi a dadashina, in ja istigfari. Ina ja tana tambaya.

"Ya zo?"

"Bai zo ba, Inna."

"Ci gaba."

Ina cikin carbi na biyu na ji wurin ya mutu, kamar ba bakina ba. Na ce ya zo, na miƙe zan tafi wanke tukunya.

Ta ce, "Ina za ki, Gambo? Kin ga zuwansa, zauna ki ga tafiyarsa."

Na zauna ina ja har jin ya dawo bakina. Haka ta yi mini da citta a gwiwa, da kafur a wuya, da ruwan zafi a tafin ƙafa. Wani ya zo a carbi biyu ya tafi a carbi goma. Wani sai ka ja biyar kafin ya motsa, amma in ya zauna sai ya kai ka daga Magariba zuwa Isha. Abin da aka sha da kunu kuwa daban, ba ya zuwa da wuri, ba ya kuma tafiya da wuri. Da ta gama da ni ta ce, "Kowane magani yana da lokacin zuwa, yana da lokacin tafiya. Wanda ba ki san biyun nan a jikinki ba, kada ki sa shi a jikin 'yar mutane." Wannan kaɗai ta hana ni. Sauran duk ta bar ni in gane da hannuna.

Ana nan ana nan, Inna Ummu ta rasu, jaka ta dawo hannuna. Na yi shekaru ina yawo da ita. Akwai wata mai sayar da gyaɗa a Balad, tsohon cikin gari, wuni take yi a zaune a kan kwali, ƙugunta ya sandare. Ita ba na yi mata da safe, domin in na yi, kafin rana ta take maganin ya tafi ya bar ta a kan kwalin. Sai na je mata gab da tashi, in ta tashi ta kai gida da ƙafarta. Akwai matan leburorin Khumra masu jego, su ruwan zafi suke so da hannu mai nauyi. Akwai alhazai mata da ke sauka a ƙananan masaukai na Balad suna jiran jirgi, ƙafa ta kumbura kamar tulu. Kowace sai ka tambaye ta, ba ina ke ciwo kaɗai ba, har da yaushe take son ƙafar ta yi mata aiki. Daga nan kake ƙirgawa baya. Wannan ƙirgen shi ne sana'ar. Shafa man ai ko ku kun iya.

Sai shekarar da cuta ta zo, aka rufe hanya, aka hana taro. Kun san ta, kuna nan. Alhazai ba sa zuwa, 'yan gari kuwa ba wanda ke son hannun wani a jikinsa. Man kaɗe na ya zauna a roba har ya canja wari, na zubar. Tsummoki na wanke na ninke na sa a ƙasan akwati. Na koma taya maƙwabciya ɓarar gyaɗa. Da aka buɗe ma, ba a dawo nan da nan ba. Mutane sun saba da ƙwayar kanti, sun manta da mu. Ina faɗa muku wannan ne don ku san halin da nake ciki ranar da Malam Idi ya kira ni.

Malam Idi direba ne, yana kai mutane Makka ya dawo da su, shi yake haɗa ni da baƙi. Ya ce akwai wata Hajiya a masauki a Balad, gwiwa ta hana ta sakat, in zo da kayana. Na ɗauko jaka, na sayi sabon mai, na hau tasi.

Hajiya Asabe ke nan. Mutuniyar ƙasar Katsina, mai jiki, mai baki, ta girme ni da kaɗan. Ta riga ta yi Umararta, amma a keke aka tura ta. Ayarinsu ya dawo Jidda, saura kwana biyu jirgi ya tashi. Ta ce mini lokacin da ta kwanta ciwo shekarun baya ta yi bakance, in Allah Ya tashe ta za ta kewaye Ɗakinsa sau bakwai da ƙafarta.

"Da ƙafata na ce, Hajja Gambo, ban ce da taya ba. Yaron nan ya tura ni kamar buhun masara, ko Ka'abar ban gani da kyau ba. Shekaruna sun ja, gwiwar nan ba za ta sake kawo ni ba. Ki gyara mini ita ta yini ɗaya, in na koma gida ta ruɓe in ta ga dama."

Na ce in sha Allahu. Na duba gwiwar, na ji ta da zafi, ta yi ruwa kaɗan. Ina buɗe jaka sai ta ɗauko wata 'yar kwalba daga cikin kayan turarenta, ruwan ƙasa, da ɗan bakin roba da ake matsawa ya ɗiga. Ta ce 'yarta da ke aure a Ingila ce ta aiko mata, man ciwon gaɓoɓi ne, wai a ɗiga a ƙarƙashin harshe a riƙe.

"Sau biyu na gwada a gida na tofar. Ɗaci kamar ciyawar da akuya ta ƙi. Ke da kika san magani, ya ake yi da shi?"

A nan ne ya kamata in ce ban san shi ba. Kalma huɗu ce. Amma ita ce baƙuwata ta farko bayan dogon zama, kuma ta ce ni ce na san magani. Na shinshina, na ji kamar ɗanyen ganye. Na ce a raina ai ɗan'uwan man habbatus sauda ne. Mu kuwa a wurinmu ba a riƙe magani a baki kamar goro, ba a kuma shan shi da cikin wofi. Na sauka kicin ɗin masaukin na dama mata kunun gyaɗa mai kauri, na sa madara, na sa cokalin man shanu don ya kwantar da ɗacin. Na matsa bakin robar cike, na zuba a ciki. Ta shanye. Lokacin hantsi ne.

Na ja carbi biyar. Na ce, "Ya zo?"

"Wa? Ba kowa."

Na ƙara biyar. Ta miƙe ta taka, ta yamutsa fuska ta zauna.

"Maganin Turawa ba ya jin jikin Bahaushe sai an ninka. Ƙara mini."

Na ƙara mata a sauran kunun. Muka jira kaɗan, shiru. Malam Idi ya aiko cewa bayan Azahar zai zo ya kai ta Makka. Ta ga lokaci yana tafiya, ta karɓi kwalbar da kanta ta matsa na uku, ta ƙara na huɗu ina kallo. Ban hana ta ba. Na shafa mata nawa man a gwiwar, na ɗaure, na yi mata addu'a, na koma gida ina ganin na yi aiki.

Bayan La'asar waya ta yi ƙara. Malam Idi ne.

"Hajja, me kika ba matar nan? Tun kafin mu yi rabin hanya take gyangyaɗi, in na yi mata magana ta amsa ta koma. Sau uku muna tsayawa, cikinta ya ɓaci. Mun iso, ta yi alwala ta karye, ta sake ta karye. Yanzu tana zaune a bakin bango tana barci. Zan dawo da ita."

Ya dawo da ita. Ba ta suma ba, hankalinta yana nan, tana gane mutane, jiki ne kawai ya yi nauyi, ido ya ƙi buɗewa. Haka ta kasance har Magariba ta wuce. Yini ɗaya cikin biyu ya tafi ke nan, kuma ni na zubar da shi a cikin kunu.

Washegari da sassafe na ɗauki kwalbar na naɗe a bakin mayafina, na ɗauki ledar magungunan da Hajiya take sha, na tafi wurin Usama. Usama ɗan ƙawata Ladi ne, a nan aka haife shi, yana aiki a kantin magani. Hausarsa rabi ce, sai ya cika da Larabci. Na jira masu saye suka ragu, na kwance masa. Ya karanta jikin kwalbar, ya ɗago ya dube ni, ya tura ta ƙarƙashin takarda.

"Khala, daga ina wannan?"

Na faɗa masa duka, ban rage ba.

Ya ce, "Sunansa Si-Bi-Di. Daga ganyen hashish ake cire shi, abin da kuke cewa wiwi. An ce an raba shi da abin da ke sa maye, a wasu ƙasashe ana sayarwa a kanti. Amma a nan mamnu'u ne, Khala. Haramun a doka. In an gan ki da shi ba wanda zai tsaya jin labarin gwiwa. Iƙamarki ma, takardar zamanki a ƙasar nan, ba za ta cece ki ba."

Na ce na ji, zan rabu da shi. Amma tun da na riga na ba 'yar mutane, ya gaya mini zuwansa da tafiyarsa. Ya fara yi mini lissafi da mintoci, na ce ya mayar mini da shi salla.

Ya yi dariya ya ce to. In an riƙe a ƙarƙashin harshe yadda 'yarta ta faɗa, yakan zo kafin a gama dafa shinkafa, wani lokaci ya ɗan wuce, ya zauna kamar daga Azahar zuwa gab da Magariba. In an haɗiye da abinci sai ya bi ta ciki tukuna, yana iya ɗaukar kamar tsakanin Magariba da Isha kafin ya motsa, ko fiye, amma in ya zo ya fi daɗewa, sai ya ci yawancin yini. In an shafa a fata, a wurin yake tsayawa. Kuma jiki ba ɗaya ba ne, wani ya fi wani saurin ji.

"Da me kika ba ta?"

"Kunun gyaɗa. Da madara. Da man shanu."

Ya dafe kai. "Ya Khala. Maiƙo shi ne ke sa jiki ya fi shan shi. Kin jinkirta shi, kin kuma ƙara masa ƙarfi. Na farko yana hanya kuka aika na biyu, da na uku, da na huɗu. Duk suka iso tare a cikin mota."

Ya duba ledar magungunanta, ya ware ɗaya ya ce na tsinka jini ne, man nan ba ya shiri da shi, in ta koma gida lallai ta gaya wa likitanta. Ya ce nauyin jikin zai sake ta, amma sauran abin yana nan a jininta kwana ɗaya ko fiye, don haka yau kada a ƙara mata komai na sha sai abin da ta saba sha. Ya ba ni safar gwiwa mai matsewa, ya ce, "Yalla, Khala, ki tafi. Khalas, ki rabu da kwalbar nan."

Na koma masauki na tarar da ita a zaune, ido ya buɗe, ciki ya tsaya. Na faɗa mata abin da Usama ya ce. Sai ta ce:

"Wiwi? Ni Asabe na ɗauko wiwi na kawo ƙasa mai tsarki a cikin turarena? Na wuce gaban ma'aikatan nan ina yi musu murmushi?"

"Ke kika kawo, ni na dama."

"Bari in koma, yarinyar nan za ta san ta yi karatu."

A gabanta na tsiyaye sauran a makewayi, na kora da ruwa, kwalbar ta bi shara. Sannan na ce mata, "Hajiya, jiya na ba ki abin da ban sani ba, laifina ne. Yau abin da na sani kaɗai zan yi. Man nawa yana zuwa a carbi biyar. In ya zo yana zama kamar tsakanin Magariba da Isha, ba ya ƙarawa. In na shafa miki a nan, a mota zai ƙare. Don haka ba zan shafa a nan ba. Tare za mu tafi."

Na daka citta da kanumfari da ɗan kafur na haɗa da man kaɗe. Na cika fulas da ruwan zafi, na ɗauki tsumma biyu. Na ba ta shayi da busasshen burodi, ba kunu. Na ce wa Malam Idi mu tashi da hantsi, domin mu shiga bayan an watse daga Azahar, lokacin da rana ke korar mutane, filin ya ɗan yi sauƙi. Duk hanya gwiwar tana cinta, tana roƙona in shafa ko kaɗan. Na ce a'a. Ta kira ni marar imani, ta kira ni 'yar Takari mai busasshiyar zuciya. Na ce na ji.

Sai da muka isa, muka yi salla, muka sauka wurin alwalar mata, ta gama duk abin da za ta yi. A nan na shimfiɗa mayafi, na gasa gwiwar da tsumma, na shafa, na murza daga ƙasa zuwa sama, na ja mata safar. Na ba ta carbina na ce ta ja biyar tana zaune, kada ta motsa. A na huɗu ta ce, "Na ji ɗumi." Na ce ta cika. Ta cika, muka tashi.

Kewaye na farko da na biyu ta yi su kamar mai zuwa kasuwa, har ina cewa ta rage sauri. Na uku, na huɗu, lafiya. A na biyar ta tsaya shan Zamzam, ta tsaya kallon Ɗakin, bakinta yana motsi. Ban katse ta ba, amma ina ƙirgawa, na san ana cin lokacina. A tsakiyar na shida na ga ta fara jan ƙafar. Ta dube ni.

"Ya tafi?"

"Yana shirin tafiya."

Wani mai keke ya gan mu daga gefe ya yi mana alama. Ta kau da kai kamar ba ta gan shi ba. Na ce ta ɗora hannunta a kafaɗata, ta sakar mini nauyin.

"Ba zai ɓata mini bakancen ba?"

"Ni ba malama ba ce. Amma ƙafa kika ce, ba ki ce kafaɗa ba. Ƙafar wa ke taka ƙasa?"

"Tawa."

"To taka."

Na bakwai ya fi sauran shida tsawo. Taku uku mu tsaya, taku uku mu tsaya. Mutane suna ratsa mu hagu da dama. Maganin ya riga ya tafi gaba ɗaya, ni na sani, ita ma ta sani, ba wanda ya faɗa. Da muka zo daidai inda aka fara, ta ɗaga hannu ta yi kabbara, muka fita gefe, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafar. Raka'a biyun a zaune ta yi su. Da ta sallame ta ce, "Gambo, da kin shafa mini a mota da a na nawa zan tsaya?"

Na ce, "Da ba ki fara ba."

Washegari jirginsu ya tashi. Ban sake ganinta ba. Bayan wata biyu wani alhaji ya kawo mini robar man kaɗe daga wurinta, da saƙon cewa gwiwar tana nan da halinta, likita kuma ya yi wa 'yar tata faɗa ta waya.

Tun daga ranar, sau uku ana nuna mini kwalabe irin wannan, wata da hoton ganye, wata ba hoto. Kowane lokaci kalma huɗun nan nake faɗa, ban san shi ba, in kuma gaya musu abin da dokar ƙasar nan ta ce. To, labarin ya tsaya nan. Ke da kika ce kowa ya iya, ajiye biron. Ga kanumfari ɗaya, danna shi a dadashinki. Ga carbi. In ya zo ki faɗa mini, kuma kada ki tashi.